Kunnen Maccido

Wurno,
Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yaya Yari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lahiya, kai da Yaya Khadijatu da yara. Mu nan lahiya lau, sai Inna da ciwon gwiwa ya matsa wa, amma da sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, tunda rabonmu da juna tun ɗaurin aurena, lokacin da ka zo daga Kaduna ka tsaya mani a matsayin uba. Larai ce, wadda kakarta da taka ciki ɗaya sunka fito. Har yanzu ina koyarwa a firamare. An saki ruwa daga madatsar Goronyo, fadama duk ta cika da dashen albasa, shi ya sa maigidana, Baban Bilki, ba shi zama. Shi ke gyaran injin ban-ruwa tun daga nan har Kagara.

Wata alfarma nike nema. Lokacin da Turawan da sunka yi aikin madatsa za su koma gida, sun sayar da kayansu, har da rakodoji da hedifon, wannan abin sauraren da ake ɗorawa a kai shi rufe kunnuwa biyu. Baban Bilki da abokansa sun saya, daga nan sunka kafa ƙungiya, su da Malam Rufus mai koyar da kimiyya a Rabah. Kowace shekara bayan an cire albasa sai su taru nan Wurno, kowa shi kawo nashi. A ɗaure wa Baban Bilki ido da rawani, a riƙa ɗora mashi ɗaya bayan ɗaya, shi faɗi wanda ya fi daɗin sauti. Ba a taɓa musa mashi ba. Sarkin Kunne suke ce mashi, kuma ba zan ɓoye maka ba, in na ji yara na faɗin sunan a hanya kaina kan yi girma.

Tunda aikinka ke nan a gidan rediyo, ko za ka ara muna irin naku na ƙwararru kafin taron bana?

Dalilin da ya sa na damu, ban san yadda zan sa shi a takarda ba, ga shi hannun direba za ta bi. Yaya, Baban Bilki ba shi ji. Abin ya fara a hankali, yanzu ya yi yawa. In yi magana, in sake, ko juyowa ba shi yi, sai na ɗaga murya har maƙwabta su ji mu. In na ce mu tahi wurin waɗanda sunka san abin, sai shi ɗaure fuska shi fice. Na rufe maganar don mutuncinshi, ko Inna ban gaya wa ba. Ina ganin in aka samu abin kirki daga wurinka, ƙila lamarin shi zo da sauƙi.

Ƙanwarka,
Larai


Kaduna,
Disamba, 1993

Zuwa ga Malam Maccido,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata aiki yana tafiya daidai. Mu muna lafiya.

Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Ni ne Yari, wanda ya karɓi sadakin Larai daga hannun wakilinka. Ranar na ce maka amana na ba ka, ka amsa a gaban mutane. Yanzu labari ya iso mini cewa ba ka jin maganarta. Tana magana kana kau da kai, har sai ta ɗaga murya unguwa ta ji. Ta ce ku je wurin manya a sasanta, ka ɗaure fuska ka fice. Abin da ya fi ƙona mini rai, wai har ta kai ga neman abin da za ta lallashe ka da shi, ta rubuto in aiko maka da hedifon.

Malam Maccido, mutumin da ba ya sauraren matarsa, me zai yi da abin saurare?

Larai ba ta rasa gata ba. Nisa ne kawai ya raba mu. Idan akwai laifinta, ka rubuto mini, ni zan yi mata faɗa. Idan babu, ka gyara. Ina jiran amsarka kafin in yanke shawarar zuwa da kaina.

Naka,
Yari


Wurno,
Janairu, 1994

Yaya Yari,

Ina gaisuwa. Inna na samun sauƙi. Yara lahiya. Ni ce dai ba lahiya ba, kuma takardarka ce sanadi.

Yaya, mi ka yi mani haka? Kunne nike nufi! Kunnen da Allah ya halitta mashi, shi ne ya yi nauyi. Ƙarar injuna ta cinye shi. Mutum ne da ke wuni da kanshi a jikin injin tun ana haƙa magudanan ruwan nan. Da na ce mu tahi wurin waɗanda sunka san abin, asibiti nike nufi, ba zauren sulhu ba. Na yarda ni ma na yi ƙwauron bayani, amma ai da ka tambaye ni.

A shagonshi direba ya kai mashi takardar. Ya shigo gida da ita a hannu, ya aje mani bisa tabarma, ya ce, "Larai, ashe har Kaduna kin kai ni?" Na ce shi tsaya in yi bayani. Bai ga bakina ba, don ya riga ya juya, saboda haka bai ji ba. Ya ɗauki akwatin kayan aikinshi ya hau babur. Tun ranar yana Goronyo, wurin manoman da yake yi wa gyara. Ya aika wa Malam Rufus cewa a nemi wani alƙali bana, bai faɗi dalili ba.

Bari in gaya maka wanda ka yi wa faɗa, tunda sau ɗaya ka taɓa ganinshi. Tun da nike gidanshi bai taɓa ɗaga mani murya ba. Da na koma kwalejin horon malamai da goyo, dangi sun yi ta surutu, shi ne ya riƙa kai ni bisa babur yana ɗauko ni. Shekarar da injin unguwarmu ya mutu ana tsakiyar ban-ruwa, shi ya tashe shi, bai karɓi komai ba, albasar gidaje da yawa ta tsira. Irin wannan mutumin ne aka rubuta wa cewa bai riƙe amana ba.

Ranar kasuwar Goronyo na bar yara wurin Inna na shiga mota na bi shi. Na iske shi gindin mangwaro, hannu duk baƙin mai. Na zauna daidai gabanshi yadda zai ga bakina, na faɗa mashi abin da na rubuta da abin da ka fahimta. Ya goge hannunshi da tsumma. Daga baya ya ce, "Faɗan yayanki bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ashe kin sani. Ni ina ta murna na ɓoye maki."

Na ce, "Ni da nike kwana ina tashi da kai?"

Ya ce, "To in kin sani, su ma sun kusa sani. Mi za ni ce musu? Sarkin Kunne ba shi da kunne?"

Sai na yi kuka, shi kuma ya tare mani mota. Bai dawo gida ba tukuna, amma ya yarda Sista Justina ta asibitin can ta duba shi. Ba na neman hedifon kuma. Takarda ɗaya nike so ka rubuta mashi, ka san irin wadda ta dace.

Larai


Kaduna,
Fabrairu, 1994

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Maccido,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina yi maka barka da shiga azumi.

Na yi maka laifi, ka yafe mini. Larai ta yi maganar ciwo, ni na karanta rashin kirki. Tun ranar da takardarta ta farko ta zo, Khadijatu matata ta ce, "Anya ba kunne take nufi ba?" Na ce ta yi shiru, ni na san mutanenmu. Yanzu ko kallona ta yi sai in sunkuyar da kai. Na janye duk abin da na rubuta, kalma bayan kalma.

Ga hedifon nan cikin kwali a hannun direba. Ba na ofis ba ne, nawa ne na kaina, na sayo shi lokacin da aka tura ni kwas ƙasar waje. Da irinsa muke tace shirye-shirye, don ba ya ƙara wa sauti komai, ba ya rage masa komai. Ba don in lallashe ka na aiko ba. Ƙungiyarku na aiko wa, ku gwada shi da naku ku gaya mini gaskiya.

Amma kada in sake yi maka ba daidai ba: ba zai dawo maka da abin da ya tafi ba. Muna da manya a wurin aikinmu da wannan ciwon ya kama. Abin da likitoci ke gaya musu shi ne su tsare wanda ya rage. Ka riƙa toshe kunne idan za ka kusanci injin.

Ka koma gida, don Allah. Laifin nawa ne, kada Larai ta biya.

Naka,
Yari


Kaduna,
Maris, 1994

Ƙanwata Larai,

Barka da Sallah. Ina fata kun sha ruwa lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi.

Shiru ya yi yawa. Direba ya rantse ya miƙa kwalin hannu da hannu, amma ba amsa daga Maccido, ba amsa daga gare ki. Kullum na dawo aiki sai na tambaya ko an kawo takarda. Idan fushi yake har yanzu, ki gaya mini, zan nemi hutu in zo in durƙusa masa. Idan kuma na raba ku ne, ban san inda zan sa kaina ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Yayanki,
Yari


Wurno,
Afrilu, 1994

Zuwa ga Yaya Yari,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya Khadijatu, wadda tag gane abin da kai ba ka gane ba. Mu dut lahiya lau. Inna har ta fara hita tsakar gida. Albasa ta yi kyau bana, sai zahi da ya sauko da ƙarhi.

Maccido ne. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ka yi haƙuri da abin da ka gani. Ni na hana Larai amsa maka. Na ce ta bari sai an yi taro, don in samu abin da za ni hwaɗa maka in ba "na yahe" ba. Na yahe tun ranar da kwalinka ya zo, kuma ranar na koma gida. Mutumin da zai yi hushi haka don ƙanwarshi, ba abokin gaba ba ne.

Sista Justina ta duba ni. Tac ce na hagu ya tahi sosai, na dama da saura, amma siririyar ƙara, irin kukan tsuntsu ko tsirkiyar gurmi ta sama, ba ni ƙara jin ta yadda nika ji da. Na ɗauki azumi dut ina tunanin abin da za ni yi. Wata zuciya tac ce in zauna gida ranar taro, in ce zazzaɓi. Wata tac ce in hau kujera in yi ta cewa wanga ya hi wancan, ai ba mai musa mani. Dut biyun ban iya ba.

Bayan Sallah munka taru a babban ajin makarantar su Larai. Ba mu taɓa samun jama'a irin ta bana ba. Mutanen Rabah sun cika mota, na Goronyo da Kagara sun zo bisa babura, har da waɗanda ba su da ko rediyo, sun zo kallo suna leƙe ta taga. Da batirin mota munka kunna rakoda, don ƙarar janareto ba ta barin a ji komai. Hedifon huɗu anka jera bisa tebur: ɗan Jamus na Shittu tela, ɗan Japan na Victor mai ba da magani a Goronyo, tsohon ɗan Ingila na Malam Rufus da ya ɗaure wa kai da zare, sai naka.

Ashe Malam Rufus bai nemi wani alƙali ba. Da anka miƙo mani rawani in ɗaure ido, sai na miƙe tsaye. Na ce, "Jama'a, kun ba ni sarauta don kunne, to kunnen ya yi nauyi. Injin ya ci shi. Ba ni yanke hukunci bisa abin da ban ji ba. Ga rawaninku."

Ajin ya yi tsit, ko ni na san ya yi tsit. Sai Lawwali na Tursa, shi ma mai injin ne, ya ɗaga hannu yac ce, "Sarki, kai ma kana jin wani abu na yi maka hito kamar usur cikin kai in ka kwanta?" Na ce ina ji. Yac ce, "Ni na ɗauka iskokai ne, har rubutu na sha." Anka yi dariya, amma kahin dariyar ta ƙare hannuwa sun tashi nan da can, dut masu injin. Sista Justina na wurin, ta ɗauki sunayensu.

Malam Rufus ya tashi yac ce, "To wa zai yi muna alƙalanci?" Na ce na zo da shiri. Tun da sahe na ɗauko Baba Kyauta mai gurmi daga Tursa bisa babur, tsoho ne da ke kiɗa wa manoma tun kahin a yi madatsa. Na sa shi ya yi waƙa munka ɗauka a kaset. Na ce a ɗaure wa mutum uku ido. Baba shi kaɗa gurminshi a gabansu da hannunshi, sannan a sa musu kaset ɗin a kowane hedifon, su hwaɗi wanda ya hi kama da mai gurmin da ke zaune nan. Shekara da shekaru muna gwada wani da wani, ba mu taɓa gwada su da abin da sunka kwaikwaya ba.

Yaya, da ka ga gardama! Ɗan Jamus, sunka ce ya kumbura gurmin ya mai da shi ganga, daɗi kamar mi, amma ba na Baba ba ne. Ɗan Japan kuma tsirkiya na hita tas-tas har tana sukan kunne, sai dai muryar tsohon ta koma baya kamar daga wani ɗaki yake waƙa. Victor ya yi ta rantsuwa ba a ɗora shi daidai ba. Saura biyu sunka rage. Na Malam Rufus, sunka ce kamar Baba ya matso ya dahwa gwiwarka yana yi maka kai kaɗai. Naka kuwa, wanda anka fara ɗora wa ya zabura yac ce, "Wa ya shigo da kaza?" Ashe lokacin da munka ɗauka wata kaza ta yi kuka bayan aji, ba wanda ya lura. Naka ya hito da ita, ya hito da numfashin Baba, da gogar yatsanshi bisa tsirkiya.

Ɗaya ya zaɓi naka, ɗaya na Rufus, na ukun ya ce shi a bar shi. Sai na ce a tambayi mai kayan. Baba Kyauta bai taɓa jin kanshi a cikin kunne ba. Da munka ɗora mashi na Rufus, ya rufe ido yana kaɗa kai, yac ce, "Kai, wanga yaro ya iya." Shi hwa yake yabo! Da munka ɗora mashi naka, ya saurara kaɗan, sai ya cire da sauri yac ce, "Wanga ɗan tsegumi na. Nan na yi kuskure, ya tahi ya hwaɗa. Ku ba wancan mai sutura."

Haka tsohon ɗan Ingila mai zare ya ci bana. Malam Rufus har da hawaye. Naka ya zo na biyu, kuma ka ce mu gaya maka gaskiya, to ga ta. Amma bayan an tashi, naka ne mutane sunka yi layi su ji, har Baba Kyauta ya dawo a ɓoye yac ce a sake sa mashi wurin kuskuren, yana so shi gyara.

Maganar rawani kuwa, sun ƙi karɓa. Shittu yac ce alƙalanci na ajiye, ba sarauta ba, kuma wanda ya shirya abin da anka gani yau shi ne shugaba har sai ya gaji. Sunka naɗa mani shi a kai, ba a ido ba. Ban san na taɓa jin girma irin na ranar ba, ko lokacin da kunnena ke cikakke.

Abu ɗaya ya rage. Da la'asar na kawo kayan gida ina naɗe wayoyi, makirfon da munka ɗauki waƙar Baba da shi na jone da rakoda, tana kunne an ƙure mata murya, hedifon ɗinka na kaina. Larai ta shigo tana magana ita kaɗai, irin ta wanda ya saba ba a jin shi. Sai ga muryarta cikin kunnena, a hankali, ba ihu, yadda nika jin ta muna sabon aure. Na daɗe ban ji ta haka ba. Na tsaya cak kada ta lura ta daina.

Ka san mi taka cewa? "Mutum sai ka ce yaro, ya zubar da wayoyi ko'ina, gishirin da na aike shi tun jiya ko oho."

Na ce, "Na ji. Yanzu za ni sawo."

Ta saki kwanon da ke hannunta.

Saboda haka, Yaya, ƙungiya ta gama da hedifon ɗinka, amma ni ban gama ba. Ka bar mani shi zuwa damina. In kana so da wuri, sai ka zo da kanka ka karɓa, ɗakin baƙi na nan a share.

Naka,
Maccido, Sarkin Kunnen Wurno